Wankan Sirdin Yaya Isiyaku

Da kakar bana shekara bakwai ke nan da muka raka Yaya Isiyaku makwancinsa a Sheme. Ana cikin yankan dawa Allah Ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a, a dafa abin sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana kuwa na ga ya kamata in ɗauki alƙalami, domin a watannin nan na yi wa wani abu da ya bari aikin da na daɗe ina cewa ba za a yi shi da raina ba. Tun ranar nake jin kamar mun sake gaisawa da shi.

Mu uku ne a ɗakinmu. Yaya Indo ce babba, tana aure a wani ƙauye can bayan Mabai, a ƙasar Ƙanƙara, tun ban shiga makaranta ba. Sai Yaya Isiyaku, sai ni, wanda har yau, da furfura da jikoki da ritaya daga aikin koyarwa, ba a san ni da wani suna a dangi ba sai Auta. Mahaifinmu baduku ne, yana ɗinka takalma da guga da kuben wuƙa. Yaya ne ya gaje shi. Ni an kai ni boko, ba don an hango wata basira ba, sai don duk sa'ad da aka ba ni basilla yatsana nake sokewa.

A zamanin da Yaya ya buɗe rumfarsa a bakin titi, keke shi ne motar talaka. Da shi ake kai masara kasuwa, da shi ake ɗauko ungozoma, da shi ango ke zuwa gaida surukai. Kekunan lokacin, da sirdin fata suke zuwa, mai sifirin biyu a baya. To fata ba ta daɗewa a hannun wanda bai san ta ba. Shekara kaɗan sai ta tsage ko ta lotse, mutum ya naɗa tsumma ya ci gaba da shan azaba. Yaya ya duba ya ga ƙarfen ba abin da ya same shi, fatar ce kawai ta mutu, fata kuwa gadon gidanmu ce. Sai ya shiga ɓare tsohuwar yana ɗora sabuwa. Kafin a ce me, daga Faskari, daga Daudawa, har daga Sabuwa ana ɗauro ƙarafan sirdi ana neman rumfar Malam Isiyaku mai sirdi.

Ba ya karɓar aiki da saƙo. In ka aiko da ƙarfe sai ya ajiye shi gefe ya ce a gaya wa mai shi ya zo da kansa. A bayan rumfar akwai tarin yashi da yake yayyafa wa ruwa kowace safiya. Duk wanda ya zo, ko wane ne shi, sai ya tattare rigarsa ya zauna a kan yashin nan, ya ɗan sunkuya kamar yana riƙe da kan keke, sannan ya tashi. Sai ka ga ramuka biyu inda ƙasusuwan mazaunai suka taɓa. Yaya zai ɗauko sillen kara ya gwada tsakaninsu, ya karya daidai wurin, ya ɗaure karan a jikin ƙarfen mutum. Da wannan karan yake yanka fata. Na sha ganin manyan mutane da babbar riga suna waige-waige kafin su zauna, 'yan kasuwa na ƙunshe dariya. Wani Alhaji mai sayen auduga ya taɓa cewa shi ba zai zauna a ƙasa kamar mai laifi a gaban alƙali ba. Yaya ya ce masa, "Alhaji, hula ma sai an gwada kai, balle abin da zai ɗauke ka gaba ɗaya." Alhaji ya duba hagu ya duba dama, ya zauna.

Wajen zaɓen fata kuwa majema sun san shi da ƙaƙale. Kirgin bijimi yake so, wanda aka jeme da bagaruwa ba da gaggawa ba, kuma daga gadon baya kawai yake yanka. Fatar ciki, in ji shi, ta takalmin yara ce, domin miƙewa take yi. Yakan ƙwanƙwasa kirgi da bayan yatsa, in ya yi ƙara kamar ƙofa ya saya, in ya yi shiru ya wuce gaba. Sabon sirdinsa tauri gare shi kamar allo, kuma ba ya ɓoye wa kowa haka. Yakan ce watannin farko kai za ka yi wa sirdi haƙuri, bayan nan shi zai yi maka har ka tsufa. Wanda ya danna sirdi da babban yatsa ya ji laushi ya yi murna, Yaya tausayinsa yake ji, don ya san ba za a je ko'ina ba mutumin zai sauka ya tura.

Dokokinsa na kula da sirdi ba su da yawa, amma yana maimaita su kamar karatun allo. Man kaɗanya kaɗan, a shafa ta ƙasan fatar inda ba a zama, da faɗuwar damina da kuma bayan an kai amfani gida. Kada a bar keke a rana, kada ruwa ya doke shi, in hadari ya taso a kifa wa sirdin tsohuwar hula. Notin da ke ƙarƙashin hancin sirdi ba a murɗa shi sai fata ta saki, shi ma ɗan kaɗan. Mu kuwa mutanenmu, Allah Ya shirye mu, in an ce mai sai mu ɗauko wanda ya fi kusa. Wani ya shafa man gyaɗa, ɓeraye suka yi walima, ya wayi gari da ƙarfe tsirara. Wani ya ga baƙin mai a wurin mai injin niƙa ya ce ai mai mai ne. Ranar Juma'a ya hau da farar shadda, ya sauka a ƙofar masallaci da taswira a bayansa. Duk a rumfar Yaya ake kawo ƙara, shi kuwa sai ya gama dariyarsa sannan ya karɓi aikin.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki a garinmu shi ne ganin magidanci ranar kasuwa yana tafe da sirdi a hammata, sifana a aljihu, ba keke. Asalin abin daga rumfar Yaya ne. Sirdin fata yana ɗaukar siffar mai shi, kamar yadda takalmi ke yi. In ka ba wanda ya fi ka faɗi aron kekenka ya yi tafiya biyu ko uku, sirdin da zai dawo maka ba naka ba ne. Hana aro kuwa a wurinmu ba ƙaramin abin kunya ba ne, an sha ɓata maƙwabtaka a kan haka. Sai Yaya ya kawo mafita, ya ce a ari keke, amma kowa ya zo da sirdinsa. Wanda bai kai ga sayen keke ba sai ya nemi tsohon ƙarfe a yi masa sirdi, ya rataye a zaure. In tafiya ta kama shi ya je gidan maƙwabci, a kwance na mai keke a ɗaura nasa. Mutane da yawa a Sheme sirdi suka fara mallaka, keke ya biyo baya da shekaru, kuma ba wanda ya ga abin dariya a ciki sai baƙo.

Akwai aiki ɗaya da yake yi a natse, ba raha, wanda yake kira wankan sirdi. Idan mai keke ya rasu, magajinsa ya kawo sirdin ya ce yana ji masa ciwo, Yaya zai kwance shi ya tsoma a ruwan ɗumi har fatar ta yi laushi. Sai ya cusa tsumma ta ƙasa ya tayar da ramukan mamacin, ya ɗaure, ya ajiye a inuwa. Kafin ya gama bushewa zai sa magajin ya hau ya zaga gari, don fatar ta fara sanin sabon mai ita. Ba kowa ke yarda ba. Na ga wani da ya zo da sirdin mahaifinsa, da ya ji abin da za a yi sai ya rungume abinsa ya ce a bar masa shatin tsohonsa. Yaya bai ja da shi ba. Bayan ya tafi ne ya dube ni ya ce, "Auta, sirdin can ya mutu sau biyu ke nan." Na yi dariya a lokacin, ban san wata rana maganar a kaina za ta faɗo ba.

Nasa sirdin kowa ya san shi. Tun yana yaro ya faɗo daga kan tsamiya, ɗorin bai zauna daidai ba, ƙafarsa ta hagu ta ɗan gaza ta dama. Saboda haka a karkace yake zama, sirdin ya lotsa ta hagu, sifirin na wannan ɓarin kuma ya gaji har yana kuka duk sa'ad da ya taka feda. Ƙiiƙ, shiru, ƙiiƙ, shiru. Mai gyara wa duniya sirdi ya ƙi gyara nasa, in an yi masa tsiya sai ya ce ƙararrawa ce da bai saya ba. Da wannan keken yake zuwa wurin Yaya Indo. Ba ya haɗa mako biyu bai je ba, rani da damina, da ƙullin goro da sabulu a kariyar keken, ya dawo da daddawa da labari. Ni ina fama da makaranta, daga baya kuma na sayi babur, nakan je da Salla ko in an yi haihuwa ko rasuwa. An ce zumunci a ƙafa yake. Namu a ƙafar Yaya yake, gajeriyar ma.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya kula da sirdin. 'Ya'yansa duk 'yan babur ne, keken ma wani mai faci aka sayar wa. Ni na kwance sirdin kafin a tafi da shi, na kawo gida na rataye a ƙusa a ɗakina. Da faɗuwar damina da bayan kaka nakan sauke shi in shafa masa man kaɗanya ta ƙasa, yadda ya koya mana. In kewarsa ta dame ni sai in sa tafin hannuna a ramin nan na hagu, kuma ba zan ɓoye ba, na sha zubar da hawaye a haka. Hoto ɗaya muke da shi na Yaya, shi ma bai yi kama da shi ba don ya ƙame kamar soja. Wannan ramin kuwa shi ne da kansa, yadda yake zama. Uwargidana takan ce, "Malam, sirdin ga ya hi ni shan mai." Ban taɓa musa mata ba.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa ba sai na ba mai karatu labari ba. Duk wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ya san shekarun da muka shiga. Hanyoyin da muke bi da ido rufe suka zama abin tsoro, gonakin nesa suka koma saura, kasuwanni suka riƙa ci rabi-rabi. Babur da muke tinƙaho da shi ya zama abin zargi. A ƙauyukan da ke gefen daji, in aka jiyo ƙararsa daga nesa mata kan suri yara su yi cikin dawa, har aka kai lokacin da aka taƙaita hawansa. Su Yaya Indo sun taɓa yin hijira zuwa cikin garin Ƙanƙara. A can na gan ta a wani ɗaki na aro, ta rame, ba abin da take tambaya sai awakinta. Da abin ya ɗan lafa suka koma, hanyar ƙauyensu kuma ta fi ƙarfin kowa a cikinmu. Wani lokaci nakan ce Allah Ya yi wa Yaya gata da bai ga wannan ba, domin na san halinsa, da ya hau keken nan ya tafi ko me za a ce masa.

Amma da zai leƙo Sheme yau, na tabbata akwai abin da zai sa shi dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa. Keke ya dawo. Tsadar mai ta sauke mutane da yawa daga babur, har da ni, kuma manoma sun gane cewa keke ba ya firgita kowa, ba ya kuma jan idon ɓarawo. Kekunan da aka jingine a bayan rumbu kaji suna kwana a kai, an fito da su an wanke. Malaman makaranta da muka yi wa keke kallon ƙauyanci, yau mu ne a gaba da ƙafar wando a cikin safa. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Abin da zai ɓata masa rai shi ne sirdin zamani, roba da soso, mai laushi a shago, wanda rana ɗaya ta bazara ke mayarwa kaskon tuya. Abin da zai faranta masa kuwa ya fi wannan girma. Babban ɗansa Nura, wanda ya daɗe yana kabu-kabu yana cewa shi ba zai ƙare rayuwarsa cikin warin fata ba, ya buɗe akwatin kayan aikin ubansa. Rumfar tana nan inda take, har yashi ya zuba sabo. Hannunsa bai kai na Yaya ba tukuna, shi ma ya sani, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ana nan, a tsakiyar daminar da ta wuce, wani mai kawo daddawa daga wajen Mabai ya tsaya a ƙofar gidana da saƙo. Yaya Indo ta ce a gaya wa Auta yanar ido ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo take gani da shi. In yana so ta ga fuskarsa, to ya zo tun da sauran haske. Mutumin ya ƙara da cewa hanya ta yi sauƙi, ana bi da rana lafiya lau, sai dai mutanen garin sun yi shawara ba sa son baƙon babur ya shigo musu. Mota kuwa dama ba ta taɓa kaiwa can ba. Ranar ban ci tuwon kirki ba. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma na san ciwon nan ba ya jiran kowa ya shirya.

Na sayi keke na hannu, mai sirdin soso, na ce bari in gwada ƙafata zuwa Daudawa. Zuwa dai a kan keke na je. Dawowa tare muka taho da shi a ƙasa, ina tafiya kamar ɗan kaciya, mutane na yi mini sannu. Na je wurin Nura na ce ya yi mini sabo. Ya sosa kai ya ce, "Baba, kirgin kirki ya yi wuya. Fatun da za a jeme duk an babbake an yi ganda, an loda a mota. Ko na samo, sai ka daɗe kana horon shi kahin ka yi doguwar tahiya." Sai na sauko da na Yaya na ɗaura. Fatar tana nan garau kamar jiya aka ajiye ta, amma ban kai ƙarshen gari ba na ji ƙuguna kamar ana zare shi. Sirdin yana ta tura ni in zauna yadda Yaya ke zama, ni kuwa ƙafafuna daidai suke. Na juyo na koma rumfa, Nura ya dube ni ya dubi sirdin ya ce, "Baba, ai ka san maganin shi."

Na sani, kuma na ce masa ba za a taɓa ba. Na mayar da shi ƙusarsa, na yi kwanaki ina kewaya zancen. Na yi tunanin in hau mota zuwa bakin hanya in ƙarasa da ƙafa, gwiwata ta ce ba da ita ba, feda kaɗai take yarda da shi yanzu. Wata safiya na sauke sirdin na sa hannuna a ramin kamar yadda na saba, sai wani tunani ya zo mini da ban taɓa yi ba. Gajeriyar ƙafa ita ta karkatar da ramin nan, amma ba ita ta haƙa shi ba. Hanyar gidan Yaya Indo ce ta haƙa shi, zuwa bayan zuwa, shekara da shekaru. Ga ni na rungume ramin, hanyar kuma ciyawa na cinye ta. Sai mutumin nan da ya ce a bar masa shatin tsohonsa ya faɗo mini a rai, na kuma ji muryar Yaya ɓaro-ɓaro kamar yana bakin ƙofa.

Na kai shi rumfa da hantsi. Nura ya kawo ruwan ɗumi a daro, ya miƙo hannu zai karɓa, na ce a'a, ni zan tsoma. Muna tsaye muna kallo fatar ta yi duhu, ta sha ruwa, ta saki. Ya ɗaga ta ya shiga cusa tsumma ta ƙasa, a hankali ramin nan na hagu ya taso har ya yi daidai da ɗan'uwansa. Nura ya kau da kai yana neman igiyar da ke hannunsa, domin shi ma ubansa ne. Ni na yi wa Yaya wanka da hannuna ranar da ya rasu, kuma ban yi kuka ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. A wannan karon ban jira ba. Da sirdin ya ɗan tsane a inuwa muka ɗaura, na zaga gari da shi da sauran danshinsa. Nura ya ce, "Baba, in canza sifirin ga mai kuka?" Na ce ya bar shi yadda yake.

Bayan ya bushe mun shafa masa mai, na ɗaure goro da sabulu a kariya, na kama hanya da fitowar rana. Ba zan ce tafiyar ta yi daɗi ba, na huta a gindin itatuwa fiye da yadda zan so a sani, amma ƙuguna bai yi ƙorafi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Na ga gonakin da har yanzu suke saura, na ga gidan da rufinsa ya rufta ba wanda ya dawo ya tayar. Na kuma ga dawa ta yi kai a wuraren da aka ce mini an daina nomawa, na ga sabon jinka a kan tsohon bango. Masu keke muka riƙa gamuwa muna ɗaga wa juna hannu. Mata suna tsinkar kuɓewa a bakin hanya, suka ɗago suka dube ni suka ci gaba da aikinsu, ba wadda ta suri ɗanta. Wannan kaɗai ya sanyaya mini rai fiye da duk wani labarin zaman lafiya da na ji a rediyo.

Ban gama jingine keken ba, ko sallama ban yi ba, sai ga Yaya Indo ta fito daga zaure tana dafa bango. Ta ce, "Tun daga bakin rijiya na jiyo kukan sirdin ga, gabana ya hwaɗi. Sai kuma na ji haki, na ce a'a, Isiyaku bai haki haka, wannan Auta ne." Ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ni wajen haske, ta kawo idon nan mai sauran gani dab da nawa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ashe ni ma na tsufa. Daga nan ta sake ni ta lalubi keken, ta sa tafin hannunta a kan sirdin, ta hagu, daidai inda nake sa nawa. Ashe ita ma ta san wurin. Ta shafa, ta sake shafawa, ni kuwa na tsaya kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Ka yi mishi wanka," in ji ta.

Na ce, "Na yi, Yaya."

Na fara neman kalmomin ban haƙuri. Can ta buga sirdin da tafi sau biyu, yadda ake yi wa jaki mai hankali, ta ce, "To madalla. Sai ka haƙa naka. Amma ka sani hwa, Auta, rami bai hitowa da zuwa guda."

Tun daga ranar nake ƙoƙarin kada in haɗa mako biyu ban je ba. Mun zauna da 'ya'yanta mun shirya kai ta asibitin ido da zarar an gama kai amfani gida, an ce mana irin wannan ana cire shi mutum ya gani. Ita dai sharaɗinta a samo mai kula mata da awaki.

Idan na auna abin da Yaya Isiyaku ya bari, ba gida ba ne mai bene, ba kuma suna ba ne da za a kira a rediyo. Ya bar rumfa da yashi a bayanta, da ɗa da ya dawo ya zauna a kan buzun ubansa. Ya bar dabarar da ta sa mai keke da marar keke suka zauna lafiya, domin a makon jiya na ga wani magidanci ya nufi gidan maƙwabcinsa da sirdi a hammata, na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana. Ya bar wa 'yan'uwa biyu hanya, wadda ta kusa toshewa ta sake buɗewa. Na daɗe ina zaton abin da ya rage mini na Yaya a ƙusa yake rataye, ashe a waje yake, tsakanin Sheme da bayan Mabai. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya haskaka makwancinsa, Ya dawo mana da cikakken zaman lafiya a ƙasarmu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Da safen nan na kwance sirdin don in shafa masa man kaka. Na sa hannu sai na ji ya fara lotsawa, ƙananan ramuka biyu, dama da hagu, daidai da juna. Waɗannan nawa ne. Kukan sifirin kuwa yana nan a hagu inda Yaya ya bar shi, kuma gobe in Allah Ya yarda Yaya Indo za ta jiyo shi tun daga bakin rijiya.